Yaushe rabonku da jin kiɗa daga hannun makaɗi?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan.

Ɗaurin auren ƙanin mai ɗakina ya kai ni wani ƙauye wajen Soba. Bayan isha'i aka ce akwai wasa a ƙofar gida. Na ɗauka DJ ne kamar kullum, sai na tarar da wani dattijo mai gurmi da yaransa uku: mai kalangu, mai kuntukuru, da mai amshi. Ba lasifika, ba janareta, fitila mai caji biyu kawai aka rataya a jikin darbejiya. Kafin ya fara sai da aka kawo masa garwashi a kasko ya ɗan gasa fatar gurmin, don sanyin damina ya sa ta saki. Yana gasawa yana ƙyasta ta da yatsa yana kasa kunne, har ta kai inda yake so.

Yana cikin waƙar ango sai gwaggon amarya, wata tsohuwa tukuf, ta fito ta rangaɗa guɗa. Nan take ya juya waƙar kanta. Ya kira kakanta, ya kira karofin gidansu da ya daɗe da mutuwa, mai kalangu ya matse tsirkiya ya bi shi kamar da ma sun shirya. Tsohuwar nan ta tsaya cak tana share ido da bakin mayafi. Wallahi ni da ban san kowa a zuriyarsu ba sai da tsigar jikina ta tashi.

Da aka watse na zauna da shi. Abin da aka tara a faranti, in aka raba huɗu, bai kai kafin alƙalamin da ake ba DJ a Zariya ba. 'Ya'yansa maza uku, babu mai taɓa gurmi.

To ina tambaya: yaushe rabonku da ku zauna gaban makaɗi yana kiɗa da hannunsa? Kuma wa ya raba mu da wannan abin, mu ne ko zamani?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Kawu. Labarin ya taɓa ni, amma kada a ɗora wa zamani laifin duka. Ni bayan rasuwar Shata aka haife ni, shi ya rasu a 1999, amma yau na haddace waƙoƙinsa da dama. A ina na same su? A YouTube. Ɗanƙwairo, Narambaɗa, Haruna Uji, duk a waya na san su. Da ba don wayar da ake zagi ba da mu 'yan baya ko muryarsu ba mu sani ba.

Sannan yau yaro a Gashuwa zai yi waƙarsa ya ɗora a TikTok, gobe a ji shi a Kumasi da Jidda, bai roƙi kowa ba. In kiɗa ya sauya ai rawa ma sai ta sauya.

Bazazzagi:
Ƙanena, ban zagi waya ba, da ita nake rubuto muku. Amma ka san muryar Shata, ba ka san wasan Shata ba. Mutumin da yake ƙaga baiti a tsaye saboda wani ya shigo fili, abin da kake ji a waya hoton dare ɗaya ne daga cikin dubban darare.

Tsohon Mai Kaset:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki, don a wannan harka na yi furfura. Shekara ashirin da wani abu ina da shagon kaset a Kano.

Mun taso mun tarar da faifan garmaho, sai gidan mai hali. Talaka kuwa rediyo ne nasa: Rediyon Kaduna, Rediyon Kano, Rima a Sakkwato. Da kaset ya zo sai abin ya zama na kowa. Direban tasha, mai shayi, tela, kowa da rikodarsa. Mu kuma ta hanya biyu muke samun kaya. Ko dai mu tare shirin makaɗa a rediyo mu ɗauka, ko mu ɗauki rikoda da sabon batir mu je wurin wasa mu ajiye ta kusa da ƙafar makaɗi. Shi ya sa a tsofaffin kasusuwan nan za ku ji kukan jariri, ku ji sanƙira yana shelar kyauta, ku ji babur ya wuce. Mu dawo shago mu yi ta juyawa daga uwar kaset zuwa sababbi, mai minti 60 da mai minti 90, in rubuta sunan makaɗi da biro a jiki. Da wannan biron ake naɗe zare in rikoda ta tauna shi.

Abin da zan faɗa yanzu yana damuna har gobe: ban taɓa kai wa makaɗi ko sisi ba daga cinikin nan. Ba ni kaɗai ba, haka aka saba. Su ma galibinsu ba su nema ba, domin a wurinsu kaset talla ce. Abincinsu yana hannun sarakuna da attajirai da masu biki: doki, riga, mota, kujerar Makka, buhunan hatsi da kaka. Kaset ta kai sunanka Gwambe, sai mai biki a Gwambe ya aiko a ɗauke ka.

Lokacin da fim ya yi ƙarfi ne waƙa ta zama haja da kanta. Mawaƙi ya kai aikinsa Ƙofar Wambai, ɗan kasuwa ya saya baki ɗaya ya buga a faifan CD. In ta karɓu riba ta ɗan kasuwa, in ta kwanta asara tasa. Sai memori da Bluetooth suka zo, 'yan dawunlodin suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kwana, a cika maka waya da waƙa ɗari kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. A shekara biyu zuwa uku na ga layinmu ya zama na masu sayar da caja. Abin da muka yi wa makaɗa da rikoda, shi aka yi mana da memori. Ban ga bakin kuka ba.

Ɗan Auta:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan gaskiyar ba kowa ke iya faɗinta ba.

Mai Fiyano:
Na san ni za a fi harara a zauren nan, don ni ne mai kiɗan da ake cewa ya kashe kalangu. Ina da ɗan sitidiyo a Kano, shekarata goma sha ɗaya a ciki.

Yallaɓai Bazazzagi, ka yi lissafi da ni. Yaro ya zo da waƙarsa da ɗan abin da ya tara daga ɗinki ko gyaran waya. In na ce a kira mai kalangu, da mai kuntukuru, da 'yan amshi uku, kowa da kuɗin motarsa da abincinsa da sallamarsa, ga ɗakin da zai ɗauke su, ga makirfo na kowa. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowace awa da janareta ke ci a jikina take. Da fiyano kuwa ni kaɗai zan haɗa masa komai kafin la'asar. Ba ƙin gargajiya ba ne, aljihu ne.

Amma zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. Kalangun da ke cikin na'urata bugu ɗaya ne aka ɗauka aka adana, duk inda na danna shi zai fito, ba ya lanƙwasa. Kalangun gaske a hammata yake magana: a matse ya yi sama, a saki ya yi ƙasa, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum, mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Wannan na gwada duk dabarar da na sani, ban samu ba.

Batun intanet da ƙanenmu ya ɗauko kuma, a yi hattara wajen maganar kuɗi. Spotify sun shigo Najeriya a 2021 da naira 900 a wata. Kuɗin da masu saurare a ƙasa suka biya shi ake tarawa a raba gwargwadon yawan saurare, don haka saurare dubu daga Kano ba ya kawo abin da dubu daga Amurka ke kawowa. Daga 2024 ma suka ce waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba ta da kaso. Mutanenmu kuwa sun fi zama a Audiomack da Boomplay da YouTube na kyauta, ko a turo musu ta WhatsApp. YouTube kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Manya ƙalilan suna samu, ban musa ba. Sauran yaran da ke shigowa wurina, abin da ke riƙe da su uku ne: waƙar amarya da ango da ake yi musu oda, waƙar 'yan siyasa in zaɓe ya matso, sai tallan shago ko makaranta. Wato dai inda Baba ya ce makaɗan da suke ci, nan muke ci har yau. Sarki ne ya koma ɗan takara.

'Yar Funtuwa:
Sannunku da hira. Duk maganar maza kuke yi, ku bari in faɗi tamu.

Ni a Funtuwa na girma, garin Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013. Ina yarinya ana kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar wuni. A kife ƙore a ƙasa, wata a kife ta cikin ruwa a babban masaki, mata su kewaye. Babu namiji ko ɗaya, sai yara a kan katanga. A nan mace take faɗin abin da ke cikinta: kishiya, haihuwa, adashi, mijin da ba ya cefane, 'yar sana'ar da ta rufa mata asiri. Mai waƙa ta jefo, mu amsa, wadda abin ya taɓa ta miƙe ta taka. Uwata da ba ta ɗaga murya a gida, a wurin amada na fara ganin ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bara na aurar da 'yata. Yara suka nace sai an kama zauren biki an kira mawaƙi, ba zan faɗi suna ba. Muka biya kuɗi masu nauyi. Ya zo bayan awa biyu da lokacin da aka yi da shi, ya miƙa wa DJ filashi, ya riƙe makirfo yana bin waƙar da baki. Ana tsakiyar ta biyu wuta ta ɗauke. Jama'a, kiɗa ya tsaya, murya ma ta tsaya. Ya tsaya yana murmushi har aka tada inji. Waƙa uku ya yi, yaransa suka kwashe liƙi a jaka, suka wuce wani bikin. Sunan 'yata ma sai da DJ ya tuna masa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙannen mahaifiyata da suka zo daga gida suna zaune a kujerun baya kamar baƙi, ƙarar lasifika ta hana su ko gaisawa.

Ɗan Auta:
Hajiya, wannan kam bai kyauta ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai matasan da in aka kashe na'ura za su rera miki da bakinsu tsaf. Ki je majalisin sha'irai ki gani, da bandiri kawai ake kwana.

'Yar Funtuwa:
Na yarda ɗana. To me ya sa in mun biya ba a kawo mana irin waɗannan?

Mai Fiyano:
Domin ba ku tambaya, Hajiya. Mai biki suna yake saya, ba ya cewa a zo da makaɗa. Ranar da masu biki suka fara cewa ba za mu cika kuɗi ba sai an yi da baki da hannu, wallahi cikin wata shida za ki ga mawaƙa suna neman masu kalangu gida gida.

Ba'adare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni daga Tawa nike, cikin Nijar, kuma wagga magana ta shafe mu.

Nan wajenmu kiɗan hannu bai mutu ba, ko da shi ma yana jin jiki. Ku zo Agadas lokacin bukukuwa ku gani: a shimfiɗa tabarmi a fili, a kawo ɗan inji da amfuli, samari su ɗauki jita da ganguna, ƙura ta tashi har dare ya raba. Ƙungiyar Etran de l'Aïr da kuka ji ana kai su Turai, a bikin aure sunka yi suna, kuma ba su bari ba. A Yamai akwai Tal National, shugabansu Almeida ya yi aikin alƙali da rana, da dare makaɗi. An san su da wasa dare biyar a mako, awowi a tsaye, kuma a shataletalen birni sunka riƙa saida faifansu da kansu don babu kamfanin da za ya rarraba musu. Muna da gasar da anka sa ma sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, tun 1987, muna da makarantar kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Marigayi Malam Maman Barka har yankin tafkin Cadi ya tafi ya koyo biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, wurin tsohon da ya rage yana kaɗa ta, don kada ta bi shi kabari.

Amma labarin da nike so Bazazzagi da Ɗan Auta su ji shi ne na Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan jiharmu, wajen Abalak. Jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. Faifansa na farko a Sakkwato ya yi shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba a saida shi a kanti ba, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da memori har Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙar cikin wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani faifai a 2011, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita ya biya shi. Yau yaron ga yana zagaya duniya. Da anka yi juyin mulki a 2023 anka rufe iyakoki suna Amurka, masoyansu ne sunka tara musu kuɗin zama.

To kun gani, memorin da ya rufe shagon Baba shi ya fitar da wanga. Sai dai abin da Turawa ke biya su gani ba na'urar gyaran murya ba ce, hannunsa ne bisa jita. Waya ta kai shi ƙofa, hannu ya shigar da shi.

Bazazzagi:
Malam Ba'adare, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa sanin a Sakkwato ya fara ba. Abin da ke ba ni takaici ke nan: muna da masu hannu irin wannan a kowace ƙaramar hukuma, amma sai wani ya taso daga wata duniya ya nuna mana su.

Na Bakin Kasuwa:
Ni dai ina tunatar da mu, malamai da yawa sun yi magana a kan kiɗa. Kada a yi ta kukan abin da barinsa ya fi alheri.

Shugaban Zaure:
Mun gode da tunatarwa Malam. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma akwai zaurukan da suka fi mu cancantar tattauna ta. A nan maganar sana'a da haƙƙin masu ita muke yi. A ci gaba cikin mutunci.

Jikan Makaɗa:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don abin a gidanmu yake. Kakana makaɗin kotso ne a fadar wani hakimi, babana ya yi masa amshi, ni kuma malamin firamare ne. Na iya ɗan taɓawa, na san yadda ake shafa nake a tsakiyar fata don murya ta zauna, amma rabona da shi an fi shekara goma.

Kawu ya tambaya wa ya raba mu da abin. Ni zan ce kafin fiyano, kafin waya, akwai kalmar "maroƙi". Ina aji huɗu wani malami ya ce ɗan maroƙa ya tashi ya share allo, aji ya fashe da dariya. Da na tashi neman aure gida biyu aka hana ni saboda asali. Mutanen da ke kuka in an sa waƙar Narambaɗa, su ne ba za su ba jikan makaɗi 'yarsu ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Ɗan Maraya Jos ya zaga ƙasashe da kuntigin da aka yi da gwangwani da tsirkiya ɗaya, amma a unguwa har yau sunanmu bai canza ba. To yaron da ya ga haka, don me zai ɗauki gurmin ubansa? Gara ya shiga sitidiyo a kira shi fasihi.

Sai kuma tsaro. A yankinmu kalankuwa da wasan dambe bayan kaka su ne kasuwar makaɗa. Yanzu wa zai tara jama'a a fili da dare? Ƙauyuka da yawa an daina.

Na ƙarshe, ƙanin babana yana nan da ransa yana kiɗa. Wani ya ɗauke shi a waya a wurin wani naɗi, ya ɗora a tasharsa ta YouTube, har da tambarinsa a jiki. Ɗalibaina ne suka nuna mini, mutane sun kalla ba adadi. Tsohon bai san ma ana ganinsa ba, ranar da na nuna masa yana neman kuɗin maganin hawan jini. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ɗalibar Lauya:
Malam, wannan na ƙarshen akwai abin yi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa haƙƙi a kan wasansa: ba a ɗauka a yaɗa don kasuwanci sai da izininsa. Ta kuma tanadi hanyar rubuta wa masu dandali su sauke abin da aka ɗora ba izini, YouTube ma suna da fom na wannan. Amma shawarata kada ku fara da saukewa. Ku nemi mai tashar, ku ce ga mai abu, a rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce a riƙa ba shi kasonsa. In ya ƙi, sai ku kai ƙorafi, ku buɗe wa ƙanin baban naku tasa tashar da sunansa.

Wani abu kuma da ya shafi makaɗa kai tsaye: liƙi. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, hukuncin wata shida ne ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 EFCC ta matsa a kai. Masu hali da yawa sun ja baya da liƙi a fili. Farantin da Kawu ya gani a ƙauye ya fi aminci, a ajiye a ciki ko a miƙa a hannu.

Jikan Makaɗa:
Na gode ƙwarai 'yar uwa. Zan same ki ta akwatin saƙo kan yadda ake rubuta takardar.

Ɗalibi a Ingila:
Ku ƙara da abin da na gani a nan. Su ma kukan da suke yi ke nan: ƙananan gidajen wasa suna rufewa saboda haya da kuɗin wuta, tun ma daga korona a 2020, manyan kamfanoni sun riƙe manyan filaye da tikiti. A Amurka har gwamnati ta kai Live Nation da Ticketmaster, kamfanonin shirya wasa da sayar da tikiti, kotu a 2024 kan mamaye kasuwa.

Amma akwai ɗabi'a ɗaya da ta burge ni. Na je kallon wasu makaɗan Nijar a wani ɗaki da bai wuce mutum ɗari biyu ba. Kowa ya sayi tikiti, ba wanda ya ce shi abokin mai ƙofa ne. Da aka gama, makaɗan da kansu suka tsaya bayan tebur suna sayar da riguna da faifan garmaho, mutane suka yi layi. Faifan da Baba ya ce na masu hali ne a da, ya dawo: a 2022 an sayar da shi fiye da CD a Amurka, karo na farko tun 1987. Akwai kuma shafin Bandcamp inda kake sayen waƙa kai tsaye, su cire kashi 15 cikin ɗari, saura na mai waƙa. Na gaisa da mai gangarsu da Hausa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce tun da suka fito ba wanda ya tambaye shi mutanen gida sai ni.

Ɗan Auta:
Yaya, a nan in ka ce a sayi waƙa sai a ce maka ai tana Telegram. Ni kaina ban taɓa saya ba, gaskiya. Amma tikitin shiga zan iya biya in abin na gaske ne.

Bazazzagi:
To Alhamdu lillahi, nan nake so a zo. Ina da shawara. Bayan an gama girbi, mu haɗa kuɗi mu ɗauko dattijon nan mai gurmi da yaransa zuwa Zariya. Akwai wani abokina mai makaranta da ke da fili mai katanga, zan nemi aro. Daga la'asar zuwa magariba, saboda tsaro da kuma mata su samu zuwa. A yanka masa sallamarsa tun kafin ya baro gida, kada a bar shi da abin da faranti ya kawo. Wanda zai ɗauka a waya ya nemi izininsa.

Mai Fiyano:
Ni zan zo da makirfo huɗu da na'urar ɗauka, kyauta. In ya amince, a ɗauka da kyau a ba shi abinsa, shi ke da shi. Sharaɗina ɗaya: mai kalangun ya ba ni awa ɗaya bayan wasa, ina da tambayoyi.

'Yar Funtuwa:
Ku sa ni a lissafi, ni da ƙawayena biyar. Amma a ware mana namu lokacin. Akwai wasu tsofaffi biyu a unguwarmu da suka yi amshin amada da ƙuruciya, in na lallashe su za su zo da ƙorensu. Maza su ba mu wuri na awa guda.

Ba'adare:
In hanya ta yi kyau ina zuwa ta Maraɗi, in sha Allahu. Ku sanar da rana da wuri.

Tsohon Mai Kaset:
Ƙafa ba za ta bar ni in zo ba, amma ina da kwali uku na uwayen kaset a ƙarƙashin gado, wasu tun ina saurayi na ɗauke su a wurin wasa. Ɗana Mai Fiyano, ka zo ka kwashe ka juye su kafin zaren ya manne. Akwai na masu kotso a ciki da ban rubuta suna ba. Malam Jikan Makaɗa, ka zo ku saurara tare, wataƙila ka gane muryar wani naka. In an gane iyalan mai waƙa, a fara kai musu.

Jikan Makaɗa:
Zan zo Baba, ranar Asabar in Allah ya kai mu. Kotson kakana yana rataye a ɗakin babana, fatar ta tsage tun bara waccan. Kawu Bazazzagi, in ka koma wurin mai gurmin ka tambaye shi ko a wajensu akwai wanda har yanzu yake ɗaure fata, namu ya rasu.